SHIN ILLELA CE TA ƘARA ZAFI, KO KUWA KAKANA NE YA TSUFA?

Garinmu Illela yana bakin iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Nijar, fiye da kilomita 80 arewa da birnin Sakkwato. Idan mutum ya baro Sakkwato ya wuce Kware da Gwadabawa, to, sai mu. Daga gare mu kuwa in ka ƙetare shingen kwastan, kafin ka gama gyara zama a mota sai ga ka a Birnin Ƙonni. Ranar Lahadi su zo kasuwarmu, ranar Laraba mu je tasu. Harshenmu ɗaya, aurenmu ɗaya, haka kuma ranar da ke dukanmu ɗaya ce, domin ita ba ta tsayawa a duba mata takarda a kan iyaka. Abokaina na nan makaranta waɗanda su ka zo daga wajen Tambuwal da Kebbe su kan yi mini ba'a, wai mu mutanen Illela a cikin murhu a ka haife mu. Ba na jin haushi, gama zafi ba baƙonmu ba ne. Abin da na ke so mu duba tare, ya ku 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu masu karanta wannan mujalla, shi ne ko zafin nan yana nan yadda ya ke tun dā, ko kuwa ƙaruwa ya ke yi shekara da shekaru.

Wanda ya jefa ni cikin wannan tunani shi ne kakana, mahaifin babana, wanda ya haura shekara tamanin a duniya. Abokin wasana ne, kamar yadda jika da kaka su ke a ko'ina a ƙasar Hausa, ba ya ma kirana da sunana sai dai "abokina". Shi hujjarsa da azumi ya ke kafa ta. Kowa ya san shekarar Musulunci ta gaza ta Turawa da kwana 11, saboda haka watan azumi ya kan zagaya damina da kaka da ɗari da bazara, ya komo inda ya taso bayan shekara 33 ko kusa da haka. Kakana ya ce sau uku ke nan azumi yana riskarsa a tsakiyar bazara. Na farko wajen 1957, yana yaro, lokacin da ya fara kai azumi har magariba. Na biyu a 1990, yana magidanci. Na uku kuwa shi ne wanda mu ka yi tare da shi a 2023 da 2024. Ya ce na ukun nan ba shi da sa'a a cikinsu.

Ya kan ce mini, "Abokina, wanga zahi ba shi mun ka sani ba. Dā can in rana ta hwaɗi sai ƙasa ta huce, mutum ya yi kwana nai lahiya. Yanzu kau har assalatu bango na turiri."

Ni kuma in ce, "Kaka, ko dai ƙarfi ne ya ƙare, ka ke ɗora wa rana laifi?"

Sai ya laluba sandarsa ya ce, "Ja'iri! Matso kusa ka ga ƙarhin da yaƙ ƙare."

Wasa na ke yi masa, amma tambayar tawa ba ta wasa ba ce. Yaro ɗan shekara goma sha biyu da dattijo mai tamanin ba za su ji rana iri ɗaya ba. Ban da haka kuma, a 1957 a ɗakin ƙasa mai rufin azara ya ke kwana, wanda katangarsa ke da kauri, da rana ka shiga ka ji shi kamar cikin randa. Yanzu kuwa babana ya gina masa ɗakin bulo da rufin kwano, wanda ke kwasar rana tun hantsi ya riƙe ta har tsakar dare. Garin ma ya cika ya batse, inda dā gonaki ne da itatuwa yanzu shaguna ne da tashar manyan motoci. Duk waɗannan suna iya sa mutum ya ji zafi ya ƙaru ko da sararin sama bai sāke ba.

Da mu ka komo hutu na kai maganar gaban malaminmu na labarin ƙasa. Malam ya ce jikin mutum ba ma'auni ba ne, amma kuma kada mai ilmi ya raina shaidar tsofaffi, sai dai ya gwada ta. Sa'an nan ya bayyana mana yadda a ke gwajin. A tashoshin duba yanayi, irin wadda ke filin jirgin sama na Sultan Abubakar III a Sakkwato, ba a rana a ke ajiye ma'aunin zafi ba, ba kuma a cikin ɗaki ba. Akwai wani farin akwati na katako mai tagogi kamar haƙarƙari, iska na ratsa shi amma rana ba ta shiga, an ɗora shi a kan ƙafafu ya ɗaga daga ƙasa fiye da mita ɗaya, a fili nesa da gini. Kowace rana a kan rubuta inda zafi ya kai ƙarshe da rana, da inda ya sauka ƙarshe da dare. Alal misali, a ce da rana ya kai digiri 40, da asuba ya sauka 26. In ka haɗa su 66 ke nan, ka raba biyu ka sami 33, watau matsakaicin zafin wannan yini. Haka za a yi wa kwanakin wata, a yi wa watannin shekara goma sha biyu, har a fitar da lamba guda ɗaya tak wadda ta ke tsaye a madadin shekarar duka. A ƙasar Sakkwato wannan lamba tana tsakanin digiri 28 da 29, ko da ya ke a watan Afrilu zafin rana ya kan haye 40, a watan Janairu kuwa da asuba ya kan sauko wajen 15.

To, amma lambar shekara ɗaya ba ta yanke hukunci. Wata shekara ta kan zo da zafi, mai bi mata ta zo da sauƙi, kamar yadda farashin gero ke hawa da sauka a kasuwa. Saboda haka masana su ka yi ittifaƙi a kan shekara 30. Su kan tara lambobin shekara 30 su fitar da matsakaicinsu, kamar daga 1961 zuwa 1990, sa'an nan su gwama da na wasu 30, kamar daga 1991 zuwa 2020. Ina jin haka sai na lura da wani abu da ya ba ni sha'awa: ashe ratar da kakana ya ke aunawa da azumi, shekara 33, kusan ita ce ratar da masana ke aunawa da alƙalami.

Ga abin da awon ya nuna. A yankinmu na Sahel, wanda ya haɗa arewacin Nijeriya da Nijar da Mali da maƙwabtansu, matsakaicin zafin shekara ya ƙaru da kimanin digiri ɗaya daga wajen 1970 zuwa yau. A duniya baki ɗaya kuwa, Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya ta ba da sanarwa cewa shekarar 2024 ta fi kowace shekara da ta gabace ta zafi tun da a ka fara ajiye lissafi, ta ɗara matsakaicin shekarun 1850 zuwa 1900 da kimanin digiri 1.55. Bugu da ƙari, shekaru goma daga 2015 zuwa 2024 kowace ɗayansu ta fi duk shekarun da su ka wuce kafin 2015 zafi. Ni an haife ni 'yan shekaru kaɗan kafin 2015. Watau ni da tsarana tun da mu ka yi wayo ba mu taɓa ganin shekara irin ta zamanin ƙuruciyar kakannimmu ba, shi ya sa ba mu da abin gwamawa sai abin da su ka faɗa mana.

Da Malam ya ce digiri ɗaya, wani abokina da ke zaune a bayan aji ya yi dariya ya ce, "Malam, a kan digiri ɗaya a ke wannan hayaniya? Ai tsakanin safe da azahar ma a kan sami goma sha biyar." Malam ya tambaye shi nawa ne zafin jikin mai lafiya, ya ce 37. Ya ce to, in ya zama 38 ya tsaya a nan dare da rana, wata da watanni, a aji za a same shi ko a ɗakin shan magani? Aji ya yi tsit. Ni kuma na ƙara wa kaina wani lissafi. Kafin matsakaicin shekara ya motsa da digiri ɗaya, sai an ɗora wannan digiri a kan kowace rana da kowane dare na kwana 365, ko kuwa a tara shi a jibge wa wasu watanni. Ranar da dā za ta tsaya a 42 sai ta kai 43 ko 44, kwanakin tsananin da dā mako ɗaya ne sai su zama biyu ko uku. Mutumin da ruwa ya kai masa gwiwa ba ya damuwa da ƙarin taƙi ɗaya, amma mu ruwan a wuya ya same mu.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne batun dare. Binciken masana ya nuna cewa a Sahel, musamman a watannin bazara, zafin dare ya fi na rana saurin ƙaruwa. Wannan kuwa ita ce ainihin maganar kakana, shi da bai taɓa riƙe ma'aunin zafi ba. Kowane ɗalibi a nan makaranta shaida ne. A watan Afrilu da Mayu wa ke iya kwana a kan katifa a ɗakin kwananmu? Da an tashi daga firef sai ka ga kowa da tabarmarsa a baranda, wani ya yayyafa wa siminti ruwa, wani ya jiƙa zane ya rufa, kafin ƙarfe ɗaya na dare zanen ya bushe ƙayau. Da safe kuma a shiga aji ana gyangyaɗi, malamin lissafi yana faɗa wai lalaci ne. Jikin ɗan Adam yana iya jure zafin rana in ya sami dare ya huce. In dare ya ƙi sanyi, gajiyar jiya ce za ta hau kan ta yau, tsofaffi da jarirai da marasa lafiya su ne kan fara faɗuwa. A ranar 3 ga Afrilu, 2024, ana cikin goman ƙarshe na azumi, zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, a Bamako kuwa asibitin Gabriel Toure ya ƙidaya mamata fiye da 100 a kwana huɗun farko na watan, da yawansu tsofaffi. Masanan da su ka bi diddigin al'amarin sun ce da ba domin ɗumamar da ayyukan ɗan Adam su ka jawo ba, da zafin bai kai haka ba. A wannan makon mu ma a gidanmu sai da a ka fitar da gadon kakana ƙarƙashin dogon yaro, kakata na yi masa fifita da mafici, ana jiƙa masa rawani, har babana ya roƙe shi ya sha ruwa ya rama daga baya.

Mene ne ya kawo wannan? A taƙaice, rana ta kan gasa ƙasa da yini, da dare kuma ƙasa ta saki zafin ya koma sama. Akwai wasu iskoki a sararin sama da ke tare wani kashi na zafin nan kamar murfin tukunya, manyansu su ne tururin ruwa da iskar kabon da ke fita in an ƙona gawayin ƙasa da fetur da gas da itace. Shi ya sa daren hunturu, lokacin da iska ta bushe, ya ke da sanyi, daren gab da faɗuwar damina kuwa ya ke da gumi. Kafin zamanin masana'antu iskar kabon kashi 280 ce cikin miliyan na iskar da mu ke shaƙa, yanzu ta haye 420. Murfin ya ƙara kauri ke nan. Afirka duka kimanin kashi 4 cikin 100 ta ke fitarwa na wannan hayaƙi, mafi yawansa daga Sin da Amurka da Turai da Indiya ya ke tasowa. A 2015 ƙasashen duniya sun taru a birnin Faris su ka yi alkawarin ƙoƙarin tsayar da ƙarin a digiri 1.5. Mai karatu ya waiwayi lambar 2024 da na kawo a baya ya gwama da kansa.

Mu a gidanmu wannan magana a gona ta ke taɓa mu. Babana manomin rani ne a wajen Kalmalo, da albasa ya ke sayen littattafaina da kayan makaranta. Dā ya kan raba gonar biyu, rabi albasa rabi alkama. Alkama kuwa 'yar sanyi ce, a watan Nuwamba a ke shuka ta domin ta ci moriyar ɗari, in zafi ya riske ta lokacin da ta ke zuba ido sai ƙwayar ta motse ta zama kamar tsaki. Bayan ya sha wannan hasara sau da yawa, sai ya bar ta ɗungum. Albasar ma ba ta tsira ba. Malam ya ce duk ƙarin digiri ɗaya yana sa iska ta iya ɗaukar tururin ruwa da ƙarin kashi 7 cikin 100, watau iska mai zafi ƙishirwa gare ta, tana tsotse danshi daga ƙasa da ganye. Saboda haka kwamin da dā a kan shayar da shi a huta kwanaki, yanzu kafin ka juya ya tsattsage. Kowane ban ruwa kuwa fetur ne a cikin inji, fetur ɗin da kuɗinsa ya ninka tun da a ka janye tallafi a watan Mayu na 2023. Sa'an nan ga ajiya. Kowa ya sani ribar albasa ba ranar cira ta ke ba, domin a lokacin kasuwa ta cika, mu da mutanen Galmi duk mun fito da ita. Riba tana wurin wanda ya iya ajiye ta wata huɗu ko biyar. Amma cira ta kan zo daidai da shigowar bazara, in rumfar ajiya ta ɗauki zafi sai ka shiga ka ji wari, ka tsince ruɓaɓɓu yau, gobe ka tarar da wasu. Bara babana bai jira ba, a bakin gona ya sayar wa 'yan sari da arha. Na ji shi da dare yana gaya wa mahaifiyata cewa in haka ta ci gaba, gara ya jinginar da gonar ya koma dillancin dabbobi a kara. Gonar nan kuwa tun kakan kakana ta ke hannunmu.

A nan sai in ja hankalin 'yan'uwana ga wani abu, domin na ga yanzu kome ya lalace sai a ce sauyin yanayi. Tafkin Kalmalo da tsofaffi ke ba da labarin kifinsa ya ja baya, gaskiya ne, amma ba zafi kaɗai ya janye shi ba. Ruwansa daga kwarin Majiya ya ke gangarowa ta cikin Nijar, an kuwa gina madatsun ruwa a can domin noman rani na Ƙonni, ga kuma yashi da ke cike tafkin. Haka kuma fari daban, zafi daban. Farin 1973 da na 1984, wanda mutanen tsallake ke kira El-Buhari saboda ya zo daidai da rufe iyaka, rashin ruwan sama ne, an ma yi irinsa tun 1913, yunwar da a ke kira Kakalaba. Ruwan sama ya kan tafi ya komo: shekarun 1950 sun yi ruwa sosai, na 1970 da 1980 su ka bushe, daga shekarun 1990 ya ɗan farfaɗo, har ma ya kan zo da hauka, kamar ambaliyar watan Satumba na 2010 da ta yanke hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Shi kuwa zafi, tun daga shekarun 1970 hawa kawai ya ke yi, ko an yi ruwa ko ba a yi ba. A ganina wannan ne ya sa ya fi fari wuyar ganewa. Fari ya kan zo da ƙara har a raɗa masa suna, amma ban taɓa jin an raɗa wa digiri ɗaya suna ba.

Hayaƙin Sin da Amurka ya fi ƙarfin ɗan aji biyar. Inuwa kam ba ta fi ƙarfinmu ba. Maƙwabtanmu na tsallake sun riga mu a nan. Tun 1975 a ka fara dasa dogon yaro layi-layi a kwarin Majiya domin tare iska, a ƙasar Maraɗi da Damagaram kuwa tun shekarun 1980 manoma su ka daina tumɓuke tohon itatuwa a gonakinsu, su ka riƙa yi musu sassabe suna barin su su girma, musamman gawo, wanda ke zubar da ganyensa da damina ya bar wa gero rana, da rani kuma ya yi inuwa. Itace ba zai sauke lambar da a ke rubutawa a filin jirgin sama ba, amma duk wanda ya taɓa tsayawa layin abinci da ƙarfe biyu na rana ya san bambancin wanda ya sami gindin dogon yaro da wanda bai samu ba.

Ƙungiyarmu ta labarin ƙasa tana da roƙo guda ga shugaban makaranta da ƙungiyar iyaye da malamai. Muna so a kafa mana farin akwatin nan, a saya mana ma'aunin da ke nuna ƙarshen zafi da ƙarshen sanyi, da babban littafi mai bangon kwali. Mun riga mun ga wuri, filin da ke tsakanin ɗakin gwaje-gwaje da filin ƙwallo, nesa da kwanon azuzuwa da hayaƙin kicin. Kafintan makaranta ya ce aikin kwana uku ne in an ba shi katako da farin fenti. Kowane mako ɗalibai biyu za su riƙa karantawa da safe kafin a shiga aji, in sun gama makaranta su miƙa wa na bayansu. Littafin ba zai ce kome ba sai bayan shekara 30, sa'ad da ni zan kasance da shekara 46. Matsalar da ta rage mana ita ce hutu, domin hutun zango na biyu ya kan faɗo a cikin Afrilu, watan da a ka fi bukatar lambobinsa. Mun yi magana da Baba maigadi, ya ce shi boko bai yi ba amma ya san lamba, in an nuna masa inda zai duba zai riƙa rubuta mana da ajami.